Darasi na Bakwai: Jarabar Waya da Intanet a Tsakanin 'Yan Makaranta

Manufar darasi

An shirya wannan darasi ne domin iyaye da masu riƙon yara, da duk wanda ya dawo aji da girmansa alhali yana da ɗa ko ƙane ko jika a makaranta. Abu ɗaya ake so mai karatu ya fita da shi: jarabar waya tana samun gindin zama ne a inda lokacin yaro ya rasa mai tsara shi, musamman lokacin dare, don haka maganinta yana hannun wanda ke da ikon tsara wannan lokaci, ko ya yi boko ko bai yi ba. Za mu duba yadda abin ya samu shiga a ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da alamominsa, da dalilin da ya sa ajiye waya ke yi wa yaro wuya, sannan mu saurari masu wani ra'ayi mu ba su amsa.

Yadda ƙofar ta buɗe

Wayar salula ta shigo Najeriya gadan-gadan a 2001, kuma shekaru da dama aikinta a karkara bai wuce gaisuwa da isar da saƙon biki ko rasuwa da tambayar farashin masara ba. Daga baya babbar waya ta yaɗu, ta zo da WhatsApp da Facebook da YouTube da TikTok. Sai dai yaɗuwarta a kudancin Katsina ta zo daidai da lokacin da makaranta ta yi rauni. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantun ƙasar nan saboda annobar korona, yara suka yi watanni a gida. Ba a jima da komawa aji ba, a daren ranar Juma'a 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka afka wa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora ɗaruruwan ɗalibai cikin daji. Ranar 17 ga watan aka sako 344, amma tun kafin nan Gwamna Aminu Bello Masari ya ba da umarnin rufe makarantun kwana na jihar. Ɗalibin kwana da ya saba da ƙararrawar tashi da ta cin abinci da ta karatun dare da ta kashe fitila, sai ga shi a gida, wuni a buɗe, dare a buɗe, babu mai ce masa lokacin kaza ya yi.

Ba makaranta kaɗai ta tsaya ba. A ƙauyukan Faskari da Sabuwa da ke bakin daji, abubuwan da suka saba cika wunin yaro su ma sun ragu: zuwa gona mai nisa, kiwo, itace, ƙwallon yamma a bayan gari, hirar dandali bayan isha. Iyalai da yawa sun bar ƙauyukansu sun matso cikin gari, wasu har Funtua, inda yaro ba shi da gona ba shi da abokan da ya taso da su. Uwar da ta taɓa kwana ido biyu tana jiran labarin ɗanta ba za a zarge ta ba idan ta ce gara yana ɗaki yana latsa waya da ya fita ta rasa inda yake. Da haka waya ta zama mai raino a gidaje da dama, iyaye na ganin sun tsare yaro, alhali sun san inda jikinsa yake ne kawai. Wannan shi ne tushen maganar, kuma wanda bai gane shi ba zai yi ta faɗa da waya ba tare da ya taɓa asalin ciwon ba.

Mece ce jarabar, kuma yaya ake gane ta?

Ba duk yaron da ke son waya ne ya kamu ba, kuma kuskure ne a yi wa kowa kuɗin goro. Tun a shekarun 1990 wata masaniyar halayyar ɗan'adam a Amurka, Kimberly Young, ta fara nazarin mutanen da intanet ya rinjayi rayuwarsu, har ta tsara tambayoyi 20 da ake auna abin da su. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasannin kwamfuta da na waya a cikin kundinta na cututtuka, kundin da ya fara aiki a watan Janairun 2022. Hukumar ba ta auna ciwon da yawan awoyi ba. Alamomi uku ta kafa: mutum ya kasa riƙe kansa wajen farawa da tsayawa, ya fifita abin a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya kuma ci gaba da yi duk da yana ganin ɓarnar da yake jawo masa. Ta ƙara da cewa sai abin ya yi illa ta zahiri ga karatu ko aiki ko zaman iyali, kuma galibi sai ya kai wata 12 ana ganinsa. Wasanni hukumar ta ambata, amma waɗannan alamomi suna da amfani ga uba ko uwa wajen auna kallon bidiyo da hirar waya da cacar ƙwallo ta intanet.

A cikin gida ga yadda abin yake bayyana. Kamfanonin waya suna sayar da datar dare da arha, wadda ba ta aiki sai tsakar dare zuwa asuba. Ɗalibin da kuɗinsa bai kai na datar rana ba sai ya kai wayarsa shagon caji da la'asar, ya karɓo ta a cike bayan magariba, ya kwanta kamar mai barci. Da gida ya yi tsit sai ya ja mayafi ya rufe kansa don kada hasken ya tona shi, ya sa abin ji a kunne, ya fara da niyyar bidiyo biyu ko uku. Kiran assalatu ne zai sanar da shi dare ya ƙare. Da safe a tashe shi da ƙyar, ya tafi makaranta ido jawur, malamin lissafi na rubutu a allo shi kuwa yana gyangyaɗi. Kuɗin karin kumallo ya tafi wajen data. Idan aka aike shi sai ya yi tsaki, idan caji ya ƙare sai ya rasa sukuni, idan aka tambaye shi tsawon lokacin da ya yi a waya sai ya rage. Ƙarshen zango takardar sakamako ta nuna ya ja baya, ya yi alkawarin dainawa, bayan kwana uku ya koma. Duk alamomin nan uku suna cikin wannan hoto, kuma ba a bukatar iya karanta abin da ke fuskar waya kafin a gan su.

Me ya sa ajiye ta ke da wuya?

Iyaye da yawa suna ɗaukar abin a matsayin taurin kai ko lalaci. Akwai laifin yaro, amma ba shi kaɗai ke cikin kokawar ba. Yawancin manhajojin nan kyauta ake shigarsu, domin da talla kamfanonin ke samun kuɗi, kuma gwargwadon daɗewar mutum yana kallo gwargwadon tallar da za a nuna masa. Saboda haka aka ɗauki ƙwararru aikin gano abin da zai hana mutum ajiye waya. Tun tsakiyar ƙarni na 20 wani masani a Amurka, B. F. Skinner, ya nuna ta hanyar gwaji da tattabaru da ɓeraye cewa dabbar da ba ta san lokacin da abinci zai faɗo ba ta fi naci wajen danna maɓalli, fiye da wadda ke samu a kowane danni. A kan wannan aka gina caca, kuma a kansa aka gina jerin bidiyon da yaro ke turawa sama da yatsa: wannan bai yi daɗi ba, na gaba ma haka, amma wataƙila na bayansa zai sa shi dariya. A da shafi yana da ƙarshe, mutum ya kai ƙasa ya tsaya ya yi tunani. A 2006 wani injiniya mai suna Aza Raskin ya ƙirƙiro tsarin shafin da ba ya ƙarewa, kuma daga baya shi da kansa ya fito ya nuna nadamar yadda aka yi amfani da shi. Manhajar tana kuma lura da abin da mutum ya daɗe yana kallo, ta ƙaro masa irinsa. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke taka wa mutum birki kuwa ba ya gama nuna sai an haura shekara 20. Ke nan yaro ɗan shekara 15 yana kokawa ne da abin da aka ƙera don ya fi ƙarfin babba.

Babbar hanyar da wannan ke cutar da karatu ita ce barci. Likitocin barci sun ce matashi daga shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10 a kowace rana, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka koya da rana ta adana shi. Wanda ya yi haddar Alƙur'ani ya san bambancin tilawar wanda ya yi barci da ta wanda ya kwana zaune. Hasken waya da tashin hankalin abin da ake kallo suna jinkirta zuwan barci. A yankinmu akwai ƙarin nauyi, domin hotuna da bidiyon kashe-kashe da muryoyin jita-jita suna yawo a rukunonin WhatsApp, kuma yaron da ya taɓa jin harbi a garinsu idan ya kalle su da tsakar dare tsoronsa ke dawowa sabo. Sau da yawa tsoron ne ke hana shi barci, ya ɗauki waya don ya manta, wayar ta ƙara hana shi barci. Irin wannan yaro yana bukatar a zauna da shi a ji damuwarsa kafin a yi maganar hukunci.

Hujjojin masu wani ra'ayi

Wani zai ce wannan matsalar 'ya'yan masu kuɗi ce a Kano da Abuja, mu da ba mu da wutar lantarki tsayayya, data kuma ta yi tsada, ina yaranmu za su samu abin kamuwa? Gaskiya ne akwai gidaje da yawa da babu babbar waya ko ɗaya. Amma yaro ba sai ya mallaki waya ba: akwai ta yaya, akwai ta uwa da ake bari a hannunsa don shi ya iya sarrafa ta, akwai ta aboki da yara biyar ke haɗa kai a kanta. Shagon caji ya maye gurbin wuta, datar dare ta maye gurbin kuɗi, masu tura finafinai a memori kuma suna kowace kasuwa. Hasali ma talaka ya fi jin jiki, domin kuɗin da ya tafi a data a gidansa kuɗin littafi ne ko na abinci, kuma ba shi da halin ɗaukar malamin darasi da zai cike wa yaro abin da ya rasa a aji. Idan cacar ƙwallo ta shigo, wadda addini ya haramta kuma take farawa da 'yan canji, sai a kai ga bashi da ɗauke-ɗauke a cikin gida.

Wani kuma zai ce to a ƙwace wayar mana, ko gwamnati ta toshe abin baki ɗaya kowa ya huta. Mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin amsar, domin sun ga toshewar da idonsu. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a daidai lokacin da aka rufe wa motocin haya hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme. An yi watanni babu sabis. Ba don 'yan makaranta aka yi ba, amma ya nuna yadda rayuwa ta ɗauru da waya: ɗan kasuwa ya kasa tura kuɗi, masu POS suka tsaya, mai mara lafiya ya kasa kiran ɗan'uwa, mutane suka riƙa doguwar tafiya don neman inda layi ke kamawa. Da sabis ya dawo kowa ya koma inda ya tsaya, domin rashin abu bai koya wa kowa yadda ake riƙe shi ba. Koriya ta Kudu ma ta gwada ƙarfin doka: a 2011 ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 wasannin intanet daga 12 na dare zuwa 6 na safe, yara suka riƙa shiga da shaidar iyayensu, a 2021 aka yanke shawarar soke dokar aka mayar da zaɓin lokaci hannun iyaye. Bayan haka, tun 2015 jarrabawar JAMB a kwamfuta ake rubuta ta, rajistarta ma da saƙon waya ake farawa. Ɗalibin Sabuwa da bai taɓa sarrafa na'ura ba zai zauna gasa da ɗan Legas da ya taso da ita. Raba shi da waya kwata-kwata zalunci ne na daban, kuma a gari mai fama da tsaro ƙaramar waya a aljihun yaro tana iya zama hanyar sanin halin da yake ciki.

Na uku zai ce ai zamani ne, yara na koyon abubuwa a intanet, tsofaffi ne kawai ke tsoron sabon abu. Akwai gaskiya a nan. A waya akwai darussan lissafi da kimiyya, da tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO, da tafsiri, da koyon ɗinki da gyaran na'ura, kuma ga yarinyar da aka hana fita saboda tsaro wannan taga ce mai daraja. Amma manomin masara a Faskari ya san taki abinci ne ga shuka, ya kuma san idan aka zuba shi fiye da kima ko ba a kan lokaci ba ƙona ta yake yi. Ƙasashen da suka fi mu na'urori ba su saki abin haka nan ba. Faransa ta hana amfani da waya a makarantun firamare da ƙananan sakandare tun 2018. A 2021 Sin ta taƙaita wasannin intanet ga 'yan ƙasa da shekara 18 zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. A 2024 Ostireliya ta yi dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a kafafen sada zumunta. Ana iya jayayya a kan ko dokokin za su yi aiki, kamar yadda misalin Koriya ya nuna, amma sun tabbatar da cewa damuwar ba ta jahilci ba ce. Gwajin mai sauƙi ne: a tambayi yaro abin da ya koya a waya yau, ya yi bayani da bakinsa. Mai koyo zai faɗa da murna, mai kashe lokaci zai yi ta kame-kame.

Hujja ta ƙarshe ita ce ta fi yawa a bakin iyaye: ni ban iya turanci ba, ban san abin da yake dannawa ba, yaya zan sa masa ido? Amsar ita ce aikin uba da uwa a nan aikin lokaci ne. Wanda ya san lokacin salla da na shuka da na kasuwa ya san isasshen abin da zai tsara wunin ɗansa.

Abin da gida da makaranta za su yi

Doka ta farko ita ce waya ba ta kwana a ɗakin yara. Bayan isha, a lokacin da aka amince, kowa ya kawo tasa a ajiye wajen uwa ko uba har gari ya waye. Wannan kaɗai ya rufe ƙofar datar dare ya dawo da barci. Ta biyu, a ware lokacin waya da rana, bayan aikin makaranta da islamiyya, a tsakar gida ko zaure inda mutane ke wucewa. Ta uku, ɗan ƙaramar sakandare ƙaramar waya mai madannai ta ishe shi kira, idan yana bukatar babba don karatu ya ari ta gida ya mayar. Ta huɗu, kuɗin data ya fito daga hannun iyaye da sani, domin datar da ba a san mai saya ba abin tambaya ce, musamman ga 'ya'ya mata da ake yaudara da kyauta a nemi hotunansu. A yi wannan magana da yaro a zaune, a gaya masa dalili, a bar shi ya faɗi nasa, domin dokar da aka yi da shi ta fi wadda aka yi masa daɗewa. Kuma uban da ke latsa waya a kan tabarmar cin abinci ba zai iya hana ɗansa ba, sai ya fara da kansa.

Amma tun da wofin lokaci ne ya buɗe ƙofa, dole a cike shi. Yaron da aka karɓe wa waya ba a ba shi komai ba zai nemo wata. A kai shi koyon sana'a a cikin gari bayan an tashi makaranta, ɗinki ko kafinta ko gyaran waya. Unguwa ta haɗa kai ta samar da filin ƙwallo a kusa, inda manya ke gani. Ɗalibai huɗu ko biyar su riƙa karatu tare a zaure ɗaya. Ƙungiyar iyaye da malamai ta yarda a kan doka ɗaya game da waya a aji, malami kuma ya sanar da gida da zarar ya ga yaro na gyangyaɗi kullum. Limamai da malaman islamiyya su yi maganar a fili. Idan kuwa yaro ya daina cin abinci, ya ƙaurace wa mutane, ko ya fara maganar cutar da kansa, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba, domin wani lokaci jarabar waya mayafi ce da ciwon damuwa ke ɓuya a ciki.

Tambayoyin tattaunawa

1. Waɗanne abubuwa ne suka faru a 2020 da suka bar yaran wannan yanki da wofin lokaci?
2. Kawo alamomi uku da ake bambanta jaraba da amfani na yau da kullum.
3. Me katse layukan waya na 2021 ya koya mana game da hani na baki ɗaya?
4. Wane aiki ko sana'a ke akwai a unguwarku da zai cike yammacin ɗalibi?

Aikin wannan mako

Kowane ɗaya daga cikinku ya tara mutanen gidansa yau bayan isha, ku tsayar da lokacin ajiye waya da wurin ajiye ta, har da taka, ya kai maigida, har da taki, ya ke uwargida. Ku riƙe wannan har kwana bakwai, ku lura da tashin yara da asuba da yadda suke tafiya makaranta, ku zo aji da abin da kuka gani. Yaran Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa sun riga sun yi asarar watanni na karatu a kan abin da ba su da iko a kansa. Wannan asarar ta dare kuwa a cikin gidajenmu take faruwa, kuma tsayar da ita haƙƙi ne a wuyanmu.